Bayan Toka Ta Huce, Wa Ke Riƙe da Littafin Sunaye?

 

Duk Bakatsinen da ya mallaki hankalin kansa yana iya tuna inda yake a safiyar Litinin, 22 ga watan Maris na shekarar 2021. Wani yana hanyar ofis, wani ya kai yara makaranta, wata tana tsakar gida tana wanke-wanke, sai aka ɗaga kai aka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Kafin a ce kwabo labari ya karaɗe gari daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga: Babbar Kasuwa ta kama, Kasuwar Fatima Baika. Ɗaruruwan shaguna suka tafi a yini ɗaya.

Ku tuna lokacin da abin ya zo. Saura mako uku a kama azumi, lokacin da ɗan kasuwa ke tattara duk abin da ya mallaka, ya haɗa da bashi, ya cika shago da sukari da shinkafa da mai da atamfa da shadda, yana jiran cinikin azumi da na salla. Ba a daɗe da fita daga kullen korona ba. Iyakar Jibiya kuma tana rufe tun watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilun 2022. Wato mutane ne da suka riga suka jigata, suna ganin sun kusa miƙewa, sai wuta ta zo ta same su a durƙushe.

Washegari na shiga kasuwar. Ƙasa ba ta gama hucewa ba, kana jin ɗuminta ta cikin takalmi. Kwanon rufi ya lanƙwashe kamar an murɗe tsumma. Na tarar da wani dattijo da na sani tun ina yaro, mai sayar da kayan masarufi, ya tsuguna a inda shagonsa yake, yana tona toka da wani guntun ƙarfe. Makullan shagon suna rataye a wuyansa, ga su nan lafiya lau, ƙofar da za su buɗe ce babu. Na durƙusa na yi masa jaje, na ce, “Baba, Allah ya mayar da alheri.” Ya amsa da amin, ya yi shiru, can ya ce da ni, “Ɗana, ba kayan nake nema ba, kaya sun tafi. Littafina nake nema.” Littafin bashi yake nufi. Ya ce waɗanda ke bin sa a Kano nasu littafin yana nan a ajiye, kwabo ba zai ɓace musu ba. Amma waɗanda shi yake bi, mutanen ƙauye da masu ƙananan tireda da matan aure da ke aiko yara su karɓi kaya sai ƙarshen wata, duk suna cikin tokar nan. Wanda ya ji tsoron Allah ya kawo, wanda bai kawo ba shi ke nan.

Tun daga ranar maganar littafin nan ba ta bar raina ba, kuma a kanta nake so mu tattauna yau, domin na lura gari ma haka yake. Idan masifa ta auka wa jama'a, abin da ake fara nema bayan an binne mamata an kwantar da masu rauni shi ne littafi. Su wa abin ya shafa? Me kowa ya rasa? Wa zai rubuta? Wa zai shaida cewa abin da aka rubuta gaskiya ne?

Kwanakin farko ba su da wuyar sha'ani ta wannan fuska. Jama'a suna tururuwa. Gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya je ya gani da idonsa, manya sun zo jaje, an kafa kwamiti, an yi alkawura, masu hali sun ba da gudummawa. Wannan duk alheri ne, Allah ya saka wa kowa. Sai dai mai jaje baƙo ne, kuma baƙo raɓa ne. Bayan mako biyu motoci sun daina zuwa, 'yan jarida sun koma wani labarin. Wanda ya rage tsaye a tsakiyar mutanen da suka rasa komai shi ne shugabansu na kusa: shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, shugaban layi, sarkin kasuwa, mai unguwa, shugaban ƙungiyar ci gaban gari. Shi ne ba shi da inda zai gudu. Gidansa aka sani, a sahu ɗaya ake salla da shi, shi za a tare da asuba a ƙofar masallaci a ce, “Alhaji, ina aka kwana a maganarmu?”

Jami'in da aka turo daga ofis zai iya ƙirga shaguna, domin shago yana da lamba. Amma mu da muka san kasuwa mun san cewa shago ɗaya ba mutum ɗaya ba ne. Akwai mai shagon, wanda wataƙila ma ba ya garin. Akwai wanda ke haya, shi ne kayansa suka ƙone. Akwai yaran shago biyu ko uku da ke ci daga nan, wani ma yana tara kuɗin aure a hannun maigidansa. A bakin shagon akwai mai tebur, wanda ba shi da takarda ko ɗaya da za ta nuna ya taɓa zama a wurin, alhali ya shekara goma yana kasa kaya. Akwai ɗan dako da mai baro da ke jiran a sauke kaya. Akwai mai abinci da ke zagayowa da rana. Sannan akwai waɗanda ba a taɓa ganin fuskarsu a kasuwa ba: matar da ke cikin gida tana ɗinka hula ko tana soya ƙuli-ƙuli, ta aiko a sayar mata, tsohuwar da ta ba da ajiyar kuɗin maganinta, 'yan adashin da zubinsu ke cikin akwatin ƙarfen da ya narke. Idan aka ce a rubuta “waɗanda gobara ta shafa”, aka rubuta masu lambar shago kaɗai, an rubuta gaskiya, amma an bar mafi yawan masu kuka a waje. Babu wanda ya san waɗannan mutane sai ƙungiya. Wannan sanin shi ne jarinta, shi ne kuma amanar da ke wuyanta.

Haka abin yake a Jibiya. A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwan sama ya sauka cikin dare, ambaliya ta ci unguwanni, fiye da mutum 40 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe, dabbobi suka tafi. Har cikin ƙasar Nijar ruwa ya kai wasu gawarwakin. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya zo jaje. Can wuta, nan ruwa, amma tambayar ɗaya ce. Gida ɗaya ya faɗi, to sunan wa za a rubuta? Gidan gado ne, magada goma sha. Akwai ɗan haya a ɗakin zaure. Akwai bazawarar da ta dawo gidan ubanta da 'ya'ya huɗu. Akwai wadda duk dukiyarta a duniya awaki uku ne, kuma akuya ba ta barin kango da za a zo a ɗauki hoto.

Bari in ba ku abin da na gani da idona, a wata unguwa da na taɓa zama, ba zan faɗi sunanta ba. Wata damina aka kwana ana ruwa, katangu suka zube, ɗakuna suka rufta. Muna da ƙungiyar unguwa, muna da shugaba, mutumin kirki a mu'amalarsa ta yau da kullum. Aka ce za a kawo tallafi, kwanon rufi da siminti da buhunan hatsi, a kawo sunaye. Sai aka zauna a zauren mutum ɗaya bayan sallar isha'i, mutum huɗu ko biyar, aka rubuta. Babu wanda ya zagaya gida-gida. Ranar rabo aka kira sunaye, sai ga sunan mutumin da ko ɗigon ruwa bai shiga ɗakinsa ba. A bayan gidanmu kuwa akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ɗakinta ɗaya ya rufta, ta kwashe yara ta koma kicin, ta kafa buhu a ƙofa. Ba a rubuta ta ba. Ba ƙiyayya aka yi mata ba, mantawa aka yi, domin ba ta da namijin da zai zauna a zaure ya ce ga ta. Na gan ta a ranar, ta tsaya daga nesa da mayafinta, ta saurara har aka gama kira, ta juya ta tafi ba ta ce uffan ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni tsoro. Da damina ta sake zagayowa, shugaba ya sa aka yi shela a fito aikin gayya a yashe kwata. Unguwar da a da matasa ke fitowa da shebur da kwandon shara tun da sassafe, ranar mutum bakwai muka tsaya. Babu wanda ya yi faɗa, babu wanda ya zagi kowa. Mutane sun janye zuciyarsu ne kawai. Buhu nawa aka karkatar? Bai taka kara ya karya ba. Amma abin da unguwar ta yi asara ya fi ƙarfin siminti, domin daga ranar in shugaba ya yi magana sai a ce, su dai suka sani.

Don haka nake ganin aikin shugaban ƙungiya a lokacin masifa yana farawa ne tun kafin masifar. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin wata-wata a hannun mambobi, tana da ma'aji da magatakarda, me zai hana ta mallaki littafi na kowa da kowa? Layi kaza, shago kaza, mai shi wane, mai haya wane, yara su wane, masu tebur a bakinsa su wane. A sabunta shi duk shekara, a ajiye kwafi a wajen kasuwa, a ɗauki hotonsa a waya. Ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada, littafin makaranta da biro sun isa. Sunan da aka rubuta ranar da babu abin rabo, babu wanda zai yi ƙarya a kansa, domin babu abin da ƙaryar za ta jawo. Sunan da aka rubuta bayan an ji ƙamshin tallafi kuwa, sai Allah.

In kuma abin ya riga ya faru babu littafi, to a rubuta shi da rana tsaka, a gaban jama'a. A bi layi-layi, a bi gida-gida, da liman da mai unguwa, da wata dattijuwa da za ta iya shiga cikin gida ta ji ta bakin matan aure. A karanta sunayen da babbar murya, a manna su a bango kwana uku, wanda ke da ƙorafi ya zo ya faɗa kafin a raba ko ƙwayar hatsi. Abin da ya shigo a faɗe shi: wane ya ba da kaza, an saka a asusu kaza, mutum uku ke sa hannu kafin a cire. Shugaban da shi ma abin ya shafe shi, kuma sau da yawa ya shafe shi, ya sa sunansa a ƙarshe. Na san wannan yana da ciwo, shi ma yana da iyali. Amma ranar da jama'a suka ga shugaba ya tsaya har kowa ya karɓa, ranar ce bakin masu tsegumi ke mutuwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A shekara ta 18 bayan hijira aka yi fari mai tsanani a ƙasar Hijaz, har ake kiranta shekarar toka saboda yadda ƙasa ta koma kamar toka. Mutanen karkara suka kwararo Madina. Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya rubuta wa gwamnoninsa neman agaji, ciki har da Amru ɗan Asi. Ya naɗa mutane a sassan gari suna kula da waɗanda suka sauka, suna ƙirga su, suna kawo masa bayani. Shi kuma ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun samu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Malamanmu suna karanta mana wannan a wa'azi kullum. Abin da nake so mu lura da shi, tsoron Allah bai hana shi ƙirgawa ba. Tsoron Allah ne ma ya sa shi ƙirgawa.

Akwai kuma jarrabawa ta biyu, wadda nake ganin ta fi ta farko ɗaci, domin a nan ba da baƙo shugaba zai yi jayayya ba, da mutanensa zai yi. Kowa ya shiga kasuwanninmu ya san halin da suke ciki. Hanyar da aka tsara mota ta bi, an kafa rumfa a gefe, an ƙara tebur a gaban rumfa, an ajiye kwantena a kwana, har ta koma sai mutum ya karkata kafaɗa. Wayoyin wuta sun sarƙe a sama kamar saƙar gizo, wannan ya jona daga wancan. Ga janareta, ga jarkar fetur a ƙarƙashin kanta. Ranar da wuta ta tashi, 'yan kwana-kwana za su zo da motarsu su tsaya a bakin ƙofa suna kallon hayaƙi, tiyo ba ya kaiwa. A unguwanni ma haka ne: an yi gini a kan hanyar ruwa, an cike kududdufin da kakanni suka bari yana shanye ruwan unguwa, an toshe kwalbati da leda.

Bayan masifa kowa so yake ya koma daidai inda yake, domin a nan abokan cinikinsa suka san shi, a nan aka haife shi. Wa zai ce masa a'a? Gwamnati in ta faɗa, za a ce zalunci ne, ana so a ƙwace wuri a ba 'yan siyasa, kuma ba kullum ne wannan zargi ke zama banza ba. Mutum ɗaya ne zai iya kallon ɗan'uwansa ya ce, “Malam, teburinka ba zai koma nan ba, amma ga inda muka tanadar maka, kuma ga sunanka a rubuce, ba za ka tashi a tutar babu ba,” a kuma yarda da shi. Shi ne shugaban da aka gani ya yi adalci ranar rabo. Wanda ya ci amana a rabon buhu ba shi da bakin da zai ce a matsa da tebur.

'Yan'uwanmu na Maraɗi sun ɗanɗana wannan. Katsinawa ne, sarautarsu ma Sarkin Katsina ake ce mata har gobe. Tsohon garinsu a cikin kwarin gulbi yake. A 1945 ambaliya ta cinye shi, aka tashi garin aka mayar da shi kan tudu, aka yanka tituna masu faɗi a miƙe, waɗanda duk wanda ya je Maraɗi yau yake gani. Sai dai wancan zamanin Turawan Faransa ne, umarni ake bayarwa, ba a tambayar ra'ayin kowa. Yau babu mai wannan ikon, kuma ba ma fatan a sake samunsa. Abin da ya rage mana shi ne lallashi da yarda, kuma yarda ba a sayenta ranar da ake buƙatarta.

Sannan sai haƙuri, domin sake gini doguwar tafiya ce. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a buɗe sabuwa ba sai a 1987. Shekara biyar. A Kano kasuwar Sabon Gari ta ƙone a watan Maris na 2016, dubban shaguna, kuma mutanen Kano sun san tsawon lokacin da aka ɗauka ana maganar tallafi. A tsakanin toka da sabon gini, ina ɗan kasuwa zai kasa kayansa? Wa zai je Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya zauna da manyan diloli ya roƙa a ɗaga wa mutanensa ƙafa, a sake ba su kaya a kan amana? Wa zai tsaya ranar rabon sababbin shaguna ya tabbatar cewa wanda shagonsa ya ƙone shi ya fara samu, a kan kuɗin da zai iya biya? Sau da yawa a nan ake yi wa talaka gobara ta biyu: a gina wuri mai kyau, a sa masa farashin da sai mai kuɗi, tsohon mai wurin ya koma bakin titi. Idan ƙungiya tana da littafinta, tana da hujja. Idan ba ta da shi, sai kuka.

A nan zan roƙi shugabanninmu abu guda: ku raba ƙungiya da jam'iyya. Kowa yana da 'yancin ra'ayinsa, amma ranar da aka gane cewa shugaban 'yan kasuwa yaron wane ne, to rabin mambobinsa sun zama 'yan kallo, kuma ranar da gwamnati ta sauya ƙofa ta rufe masa. Wuta ba ta tambayi katin kowa ba lokacin da take bin layi.

Ba na shakkar cewa Katsina za ta iya. Garin da ya zagaye kansa da ganuwa da ƙarfin hannun mutanensa, garin da hasumiyar Gobarau ke tsaye a cikinsa ɗaruruwan shekaru saboda kowane zamani an sami masu yi mata yaɓe, garin da al'umma suka haɗa kai a ƙarƙashin gidauniyar Musulunci suka kafa jami'a a 2005, wadda muke kira Al-Qalam a yau, ba za a ce bai san aikin haɗin gwiwa ba. Mun iya tara kuɗi, mun iya jaje, mun iya fitowa ranar farko. Inda muke da rauni shi ne rubutu da bayyana lissafi, saboda muna jin kunyar tambaya. In ka ce a karanto abin da ya shigo, sai a ce ba ka yarda da Alhaji ba. Ni kuwa ina ganin babu gatan da za a yi wa Alhaji kamar a karanto, domin shi ne zai kwana da zuciya ɗaya, 'ya'yansa kuma su yi yawo a gari babu mai nuna su da baki.

Kwanakin baya na sake haɗuwa da dattijon nan mai makullai. Ya koma kasuwa, ba kamar da ba, amma yana juyawa. Ya ce da yawa daga cikin waɗanda yake bi sun zo da ƙafarsu sun biya, har da wata mata daga wani ƙauye da ta kawo masa kuɗin a ƙulle a bakin zane, shi ma ya manta da ita. Ya jawo aljihun tebur ya nuna mini littafi sabo, ya ce akwai irinsa a gida, duk daren Alhamis jikansa ke kwafe masa. Ya ce ya kai wa shugaban layinsu shawara su yi na layin gaba ɗaya, har da masu tebur da 'yan dako, an ce za a duba. Ya ce in Allah ya kai mu taro na gaba zai sake tayar da maganar.